Ƙwarin Kunnen Kare: Yadda Za a Gane Su da Yadda Za a Kawar da Su

'Yan'uwa manoma da masu kiwo, kare mai gadi da kunne yake aiki. Kafin idonsa ya ga ɓarawo, kunnensa ya riga ya ji motsi a bayan katanga. Da yawa daga cikin 'yan ƙungiyoyinmu da ke zaune a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna da akurkin kaji a bayan ɗaki, ko 'yan awaki, ko ragon da ake turkawa domin kasuwa. Waɗansu kuma suna da gona ko lambu a bayan gari, inda ake barin injin ban ruwa da buhunan taki. Duk wannan dukiya, in dare ya raba, kare ne ke tsaronta. In kunnensa ya lalace, to, mai gida yana ciyar da mai gadin da ba ya jin komai.

Akwai wani ɗan ƙwaro da ke shiga kunnen kare ya hana shi sakat. Maganinsa ba shi da wuya, ba shi kuma da tsada ƙwarai. Amma rashin saninsa yakan jawo hasara iri uku. Waɗansu sukan ƙyale kare har kunnen ya ruɓe. Waɗansu sukan zuba masa abin da zai kashe shi. Waɗansu kuwa sukan ɗauka hauka ya kama shi, a taru a kashe kare mai amfani a banza. Domin haka muka ga ya kamata mu yi bayani a kan wannan cuta filla-filla.

Wane irin ƙwaro ne?

Likitocin dabbobi suna kiransa Otodectes cynotis. An san shi da daɗewa, gama tun 1838 wani masani a Jamus mai suna Hering ya rubuta bayaninsa. Danginsa ɗaya da kaska da ƙwaron ƙazuwa, shi ya sa babbansa yake da ƙafa takwas kamar gizo-gizo. Fari ne, tsawonsa kuwa bai wuce rabin milimita ba, watau kamar ƙwayar gishiri ɗaya mai laushi. Mai kaifin ido yana iya hango shi da ƙyar in yana motsi.

Wannan ƙwaro ba ya haƙa rami a cikin fata kamar na ƙazuwa. A bisa fatar ramin kunne yake zaune, yana cin dauɗar kunne da ɓawon fata da ruwan jiki. Yawonsa da cinsa su ke sa ƙaiƙayi mai tsanani. Kunnen kuma sai ya yi ta fid da dauɗa fiye da kima, ta gauraya da kashin ƙwarin da ɗan jini, ta zama baƙin gari.

Ga yadda yake hayayyafa. Tamatar takan manna ƙwai a jikin ramin kunne. Bayan kamar kwana 4 ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan ƙaramin ya fito da ƙafa shida. Sai ya yi ta saɓa yana girma, har ya zama babba mai iya yin nasa ƙwai. Daga ƙwai zuwa babba kamar mako 3 ne. Babban kuma yakan rayu har wajen wata 2, yana ta ƙara zuriya. Ku riƙe wannan lissafi na mako 3 da kyau, gama a kansa dukan maganin ya dogara. Yawancin magunguna suna kashe ƙwarin, amma ba su taɓa ƙwan. Wanda ya yi magani sau ɗaya ya bari, bayan 'yan kwanaki sai sababbi su ƙyanƙyashe, ya ce maganin jabu ne.

Daga ina kare ke samunsa?

Ƙwaron ba ya tashi, ba ya tsalle. Rarrafe yake yi daga wannan dabba zuwa waccan sa'ad da suka gogi juna ko suka kwana wuri ɗaya. Karya mai shayarwa takan ba 'ya'yanta, shi ya sa cutar ta fi yawa ga 'yan kwikwiyo da ƙananan karnuka.

Amma babbar ma'ajiyar wannan ƙwaro ita ce kyanwa. Littattafan likitocin dabbobi sun nuna cewa kusan rabin ciwon kunnen da ke kama kyanwoyi daga gare shi yake, a karnuka kuwa kamar 5 zuwa 10 ne cikin 100. Kyanwa tana iya ɗauke da shi wata da watanni ba ta nuna wata damuwa sosai ba. A unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi, Tarauni, Darmanawa da Unguwa Uku, gida jikin gida yake, kyanwoyi kuma sun fi karnuka yawa nesa ba kusa ba. Kyanwa ba ta san iyakar gida ba. Ta bi katanga ta sauka nan, ta kwanta a kan buhun da kare ke kwana, gobe ta koma can. Don haka ko karen da ba ya fita ƙofar gida yana iya kamuwa.

Akwai kuma lokatai biyu da ya kamata a ƙara lura. Da hunturu dabbobi sukan cuɗu wuri ɗaya domin jin ɗumi. Da rani kuma mafarauta sukan tara karnuka masu yawa a mota ɗaya zuwa daji. Kare ɗaya mai ƙwarin ya isa ya raba wa sauran.

In ƙwaron ya faɗo daga jikin dabba ba ya daɗewa. A wuri mai sanyi da laima yana iya kai wajen kwana 12, amma a zafin rana ba ya jimrewa haka. Ba ya zama a jikin kaji ko awaki ko tumaki. Awaki da zomaye suna da nasu ƙwaron kunnen dabam, wanda ke sa ɓawo mai kauri a kunnen zomo. Mutum kuma ba wurin zamansa ba ne, ko da yake jefi-jefi wanda ke rungumar dabba mai cutar yakan sami ɗan ƙaiƙayi a hannu, ya wuce da kansa in an warkar da dabbar.

Alamun da za ka gani

1. Kare yana yawan kaɗa kai, har ka riƙa jin kunnuwansa suna fat-fat cikin dare.
2. Yana sosa kunne da ƙafar baya, ko yana goga kai a jikin bango ko ƙasa.
3. In ka leƙa cikin kunnen za ka ga baƙin datti ko mai ruwan ƙasa-ƙasa, busasshe, yana marmashewa kamar garin gawayi ko dakakkiyar daddawa.
4. Yawanci kunnuwan biyu ne ke kamuwa tare.
5. Gashin bayan kunne yana zubewa, da ƙuje-ƙujen farce da ɓawon jini.
6. In ka murza gindin kunnen a hankali, sai kare ya fara harba ƙafar baya kamar zai sosa.

In an bar abin ya daɗe, sai waɗansu cututtuka su biyo baya, gama sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Fatar da farce ya yaga takan karɓi ƙwayoyin cuta, kunne ya fara wari da mugunya. Yawan kaɗa kai kuma yana iya fasa jijiyar jini a cikin fatar kunne, jini ya taru, kunnen ya kumbura kamar ƙosai. Wannan kumburi aikin likita ne. In an ƙyale shi, kunnen yakan yamutse ya ƙanƙance har abada. Mafi muni shi ne ciwon ya ci dodon kunne ya shige can ciki. A nan ne za ka ga kare ya karkata kai gefe ɗaya, yana tangaɗi ko zagaye, jinsa kuma ya ragu ko ya tafi gaba ɗaya.

Gwajin da za ka iya yi a gida

Sami 'yar auduga, ka lakato dattin daga bakin kunnen. Shimfiɗa shi a kan baƙar leda ko baƙin ƙyalle, ka kai wurin haske, ko ka haska da tocila. Ka zuba ido na ɗan lokaci. In ka ga waɗansu fararen ɗigo-ɗigo ƙanana suna motsi a hankali suna barin dattin, to, su ne. Gilashin ƙara girma, irin na masu gyaran waya ko agogo, yana taimako ƙwarai.

Amma rashin ganinsu ba ya nuna babu su. Wani lokaci ƙwari kaɗan ne ke can ƙasan ramin, suna ta da hankalin kare. Likitan dabbobi yana da abin leƙa kunne mai fitila, yana kuma iya sa dattin a ƙarƙashin madubin asibiti ya ga ƙwarin da ƙwansu sarai. Aikin 'yan mintoci ne. Mu da ke wannan yanki mun yi sa'a, gama asibitin dabbobi na Kundila yana nan kusa a kan titin Zariya, akwai kuma na Gwale a cikin gari. Ciwon da ya gagara ana iya kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Ba kowane ciwon kunne ne ƙwari ba

Wannan magana tana da muhimmanci, musamman ga babban kare. Ka tuna da lissafin da muka bayar: cikin karnuka goma masu ciwon kunne, da ƙyar ɗaya ne na ƙwari. Ga sauran abubuwan da ke kama da shi:

Kaska. Jar kaskar kare tana son maƙalewa a cikin fatar kunne da tsakanin yatsu. Ana ganinta da ido ƙuru-ƙuru. A cire ta da hantsaki daga gindin kanta, kada a fizge. Kaska tana sa wa kare zazzaɓi da ƙarancin jini, don haka ita ma ba abin wasa ba ce.

Cizon ƙuda. Da damina ƙudaje sukan addabi bakin kunnen kare har ya yi gyambo yana zub da jini. Wannan a waje yake, a tsinin kunne, cikin ramin kuwa lafiya lau. Maganinsa wanke gyambon, da shafa man da likita ya bayar, da share kashin dabbobi da juji daga inda kare ke ɗaure.

Ƙazuwa. Takan fara daga gefen kunne da gwiwar ƙafar gaba da ƙirji, gashi ya zube, fata ta yi kauri. Tana kama mutane, sai a yi hattara da yara.

Ƙarangiya ko tsinken ciyawa. Karen da ya dawo daga gona ko farauta ya fara kaɗa kai farat ɗaya, kunne ɗaya kawai, yana kuka in an taɓa, mai yiwuwa wani abu ne ya shige. Kada ka tsokale. Likita ne zai zaro shi.

Ruɓar kunne. In dattin jiƙaƙƙe ne mai maiƙo, ko rawaya, yana wari, kunnen ya yi ja, to, ƙwayoyin cuta ne. Maganin ƙwari ba ya yi musu komai. Suna da nasu maganin na ɗigawa.

Kada a rikita shi da haukan kare

Karen da kunne ya dama yakan yi fushi in an taɓa kansa, yana iya kai cizo saboda zafi. Wanda ciwon ya shige masa ciki kuma yakan yi tangaɗi. Ganin haka sai yara su ɗauki ihu, a fito da sanduna. Ga bambancin. Kare mai ciwon kunne ya san mai gidansa, yana cin abinci, yana shan ruwa, hankalinsa duk a kan kunnen yake, ya kuma daɗe yana susa. Mai hauka kuwa halinsa yakan sāke cikin 'yan kwanaki. Yana cizon duk abin da ya tarar ba dalili, ko ya yi lamo a lungu, muryarsa ta canja, dalala tana zuba, haɓa ta saki, haɗiya ta gagara. Yawanci ba ya wuce kwana 10 sai ya mutu.

In akwai shakka ko kaɗan, kada kowa ya sa hannu a kunnensa. A kulle shi inda ba zai kai ga mutum ko dabba ba, a kira ma'aikacin dabbobi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sa'an nan ya tafi asibiti ran nan, kada ya jira gobe. Ciwon hauka ba shi da magani in alamunsa sun bayyana a jikin mutum, amma allurar da ake yi da wuri tana tare shi.

Wanke kunne

Magani ba ya ratsa tulin datti, domin haka wanki ne farkon aiki. Mutum biyu ake bukata, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya wanke. A sa wa kare takunkumi da tsumma mai laushi, ko da kuwa mai sanyin hali ne. Babba ne zai yi wannan aiki, ban da yara.

Ka sani ramin kunnen kare ba miƙaƙƙe ba ne kamar namu. Yakan gangara ƙasa, sa'an nan ya lanƙwasa ya nufi ciki kamar ƙotar fartanya. Wanda ya cusa tsinke mai auduga, ƙara danna dattin kawai yake yi zuwa lanƙwasar, yana kuma iya huda dodon kunne in kare ya fizge.

1. Sami ruwan wanke kunnen dabbobi daga kantin maganin dabbobi. In babu, man jarirai ko man zaitun mai tsabta ya isa.
2. Ɗaga fatar kunnen sama, ka ɗiga ɗigo 5 zuwa 10 gwargwadon girman karen.
3. Murza gindin kunnen a hankali kamar rabin minti, har ka ji yana caɓal-caɓal.
4. Sake shi ya kaɗa kai, dattin zai taso.
5. Naɗa auduga a yatsa ka share iyakar inda yatsanka ya kai. Kowane kunne da tasa audugar.
6. Ƙona audugar, ka wanke hannu da sabulu.

Kada ka ɗiga komai in kare ya karkata kai, ko yana tangaɗi, ko jini ko mugunya na fitowa, ko yana ihu da an taɓa. Waɗannan alamu ne cewa dodon kunne mai yiwuwa ya fashe, abin da ka zuba kuwa zai wuce ciki ya ƙara ɓarna. Irin wannan sai asibiti.

Magungunan da ke aiki

Maganin ɗigawa a kunne. Akwai iri-iri a kantunan maganin dabbobi. Waɗansu haɗe suke da maganin ƙwayoyin cuta da na rage ƙaiƙayi. A bi abin da likita ya faɗa, a kuma cika kwanakin ko da kare ya daina susa. Aibinsu ɗaya, ba su kai ga ƙwarin da suka fito yawo a wuya ko wutsiya. Kare yakan naɗe ya kwanta da wutsiya kusa da kunne, daga nan su sake komawa.

Allurar ibamektin. Wannan magani sananne ne ga masu kiwo. Asalinsa daga wata ƙwayar halitta ce da Satoshi Omura ya samo a cikin ƙasa a Japan, William Campbell da abokan aikinsa a Amurka suka mai da ita magani. An fara sayar da shi domin dabbobi a 1981. Shi ne kuma Mectizan da aka soma rabawa kyauta tun 1987 domin cutar makanta da ƙudan bakin rafi ke kawowa. A 2015 mutanen nan biyu suka sami lambar Nobel saboda wannan aiki. Yana kashe ƙwarin kunne da na ƙazuwa. Akan yi allurar a ƙarƙashin fata, a maimaita bayan mako 2, wani lokaci har sau uku, domin a tari waɗanda suka ƙyanƙyashe daga baya.

Amma a nan ne ƙaramin sani yake zama ƙuƙumi. Kwalbar da ke kasuwa ta shanu ce, awonta mililita 1 ga kowane kilo 50 na nauyin dabba. Karen gida mai kilo 15 abin da zai ɗauka bai kai rabin mililita ba. Wanda ya saba cika sirinji domin sa, in ya yi wa kare haka ya ba shi guba. Alamun gubar su ne dalala, rawar jiki, tangaɗi, makanta da suma. Waɗansu kwalaben kuma haɗe suke da maganin ciwon hanta na shanu, ba domin kare aka yi su ba. Ba a yi wa ɗan kwikwiyon da bai kai mako 6 ba. Akwai kuma karnukan Turai, irin su Koli da waɗansu daga cikin Alseshan da ake ajiyewa domin gadi, waɗanda jininsu ba ya ɗaukar wannan magani. Saboda haka likita ko ma'aikacin dabbobi ne kaɗai zai auna kare ya yi allurar. Kada kuma a ba kare ƙwayoyin Mectizan da aka raba domin mutane.

Maganin ɗigawa a ƙeya. Akwai irin su selamektin da moksidektin, waɗanda ake buɗa gashin ƙeya a ɗiga a kan fata, su bi jiki duka. Akan maimaita bayan wata ɗaya.

Ƙwayar taunawa. Tun wajen 2014 aka sami sababbin magunguna da kare ke ci kamar nama, irin su Bravecto da NexGard. Suna kashe kaska da ƙuma da ƙwarin kunne gaba ɗaya, ƙarfinsu kuma yana daɗewa a jiki har ya wuce mako 3 ɗin nan na ƙyanƙyasa. Sun fi sauƙin aiki, sun kuma fi tsada. Ana sayensu bisa ga nauyin kare. A saya a kantin da aka sani, a duba ranar lalacewa. In kare yana da farfaɗiya a gaya wa likita tukuna.

Mai kaɗai. Wanda yake nesa da asibiti, ko aljihu bai ba shi dama ba, yana iya rage cutar da man da muka ambata, gama mai yana toshe wa ƙwarin numfashi. Sai dai aikin haƙuri ne: kowane kwana 2 ko 3, har wata guda cur ko fiye, ana share ragowar man domin kada ƙura ta manne. In mako 2 ya wuce ba sauƙi, to, a nemi likita.

Abubuwan da ba a zubawa a kunnen kare

Baƙin mai na mota, kananzir, fetur, ruwan batir, barkono, toka, ruwan taba, ruwan omo. Duk waɗannan suna ƙona fatar kunne mai taushi, kare kuma yakan lashe abin da ya gangaro.

Maganin feshin gona da na sauro, irin su fiya-fiya. Fata tana tsotse su su shiga jini. Ɗan kaɗan ya isa ya kashe kare, ya kuma cuci wanda ya zuba. Tsofaffinmu sun san Gamalin 20. Tun 2009 ƙasashen duniya suka amince a daina amfani da sinadarin da ke cikinsa a aikin gona saboda haɗarinsa. In akwai ragowarsa a rumbu, kada ya kusanci dabba.

Maganin kaskar kare mai fametirin ba a shafa wa kyanwa, yana kashe ta. Haka nan farasitamol. Abin da ya dace da kare ba lalle ne ya dace da kyanwa ba, sai a tambaya.

Yanke kunne kuma ba magani ba ne. Ƙwarin can cikin rami suke, inda wuƙa ba ta kai. Abin da yankan ke jawowa shi ne gyambo da ƙudaje.

A yi wa gida duka

Wanda ya yi wa kare magani ya bar kyanwa, ɗiban ruwa yake yi da kwando. Dukan karnuka da kyanwoyin gidan za a yi wa a rana ɗaya, har da waɗanda ba su nuna alama ba. Buhu ko tsumman da suke kwana a kai a wanke da ruwan zafi a shanya a rana, wanda ya tsufa a ƙone. A share ɗakin kare. Sabon kare ko ɗan kwikwiyon da aka kawo, a duba kunnensa tun ran da ya zo, a ware shi har mako 2 ko 3 kafin ya haɗu da na gida. Bayan an gama magani da wata ɗaya a sake dubawa.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kiran likita domin kare ɗaya yana da tsada, amma domin ashirin kuɗin yakan rabu ya yi sauƙi. Ga shawararmu:

1. Magatakarda ya rubuta sunan kowane ɗan ƙungiya da yawan karnuka da kyanwoyinsa.
2. A tara kuɗi a hannun ma'aji, a je asibitin dabbobi a sa rana.
3. A sa ranaku uku a kalanda: ranar farko, bayan kwana 14, da bayan kwana 28. Kowa ya zo da dabbarsa a ɗaure, ya tsaya nesa da ɗan'uwansa.
4. A roƙi likita ya haɗa da allurar rigakafin hauka ga karnukan da ke da ƙoshin lafiya. Ana fara ta daga wata 3 da haihuwa, a riƙa maimaitawa kowace shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu yin wannan allura. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, lokaci ne mai kyau na tambaya ko akwai rigakafi a unguwa. A karɓi takardar shaida a adana.
5. A gaya wa maƙwabta masu kyanwa, a gayyace su da ladabi su kawo nasu. A sanar da mai unguwa kafin ranar.

Akwai kuma haƙƙin zaman tare. Yawancin maƙwabtanmu a waɗannan unguwanni ba su son kare ya shiga gidansu ko ya taɓa tufafinsu da kwanukansu. Kare mai warin kunne da ke yawo a lungu yana jawo ɓacin rai. Mai kare ya ɗaure shi da rana a inuwa, da ruwan sha a gabansa, ya sake shi cikin gida da dare. Wannan yana rage kamuwa da cuta, yana kuma kiyaye zumunci.

Tambayoyi domin tattaunawa a taro

1. Karnuka da kyanwoyi nawa ne a gidajen 'yan ƙungiyarmu? Nawa aka yi wa rigakafin hauka bana?
2. Waɗanne abubuwa ne mutane ke zubawa a kunnen dabba a unguwarmu? Me ya biyo baya?
3. Wa za mu naɗa ya riƙa tuna mana ranakun maimaita magani?

Kafin taro na gaba, kowa ya ɗaga kunnen karensa da na kyanwarsa ya leƙa. Kunne mai lafiya cikinsa fes yake, ba wari, ba baƙin gari. A mai da wannan dubawa al'ada sau ɗaya a mako, minti ɗaya ya isa. Wanda ya ga baƙin gari ya gaya wa magatakarda, domin a sa sunansa cikin na farko ran da likita zai zo.